Kawu, Mai Kiwon Koren Ruwa

Shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, ita ce shekarar da Allah ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata. Ƙarshen damina ne. Ina Dauran ina taya surukina girbin gero, domin a lokacin shanu ba sa shigowa, mu mahauta aiki ya ja baya. Tunda ba waya, labarin bai same ni ba sai da wani direba mai jigila tsakanin Zurmi da Kaura ya aiko a faɗa mini. Kafin in samu mota in iso Kaura Namoda, kawu ya kwana biyu a kabari.

Na tarar da ƙofar gida cike da tabarmi. Na durƙusa na gaisa, aka yi mini gaisuwa, na samu gefe na zauna. Liman yana faɗa wa wasu baƙi cewa shekara ashirin bai taɓa waiwayawa a sahun farko ya rasa marigayi ba. Wani tsoho da suka yi aiki tare ya ce bai taɓa ganin kawu ya fasa kwalba ba, ko guda. Sarkin fawa, wanda kowa ya san sun taɓa yin faɗa da kawu, ya rufe fuska da bakin rawani. Sai wani ɗan kasuwa daga Shinkafi, abokin babban ɗan marigayi, ya sunkuyo ya tambayi na kusa da shi, da murya wadda ya zaci ba a ji:

"Wai shi na tsohon ga da aka cewa shina kiwon gansakuka? Ni na ɗauka ba'a ta."

Wasu suka danne dariya. Sarkin fawa ya sauke rawani ya dube shi.

"Ba ba'a ba ta. Gansakukar tasa ita ta tsare muna mayanka."

Gaskiya ya faɗa. Ni ma ina zaune ina amsa addu'a, amma rabin hankalina yana kangon da ke gefen gidan. A can kawu yake ajiye duro huɗu na koren ruwa, irin da yake zubawa a bayan mayanka don ya gyara ruwan da muke ɓatawa. In irin nan ya mutu, ruwan zai koma yadda yake a da, kuma akwai alkawari tsakaninmu da mai unguwa cewa ranar da wari ya dawo, ranar za mu kwashe wuƙaƙenmu mu koma bayan gari. Sai dai ba a tashi daga tabarmar makoki don a je duba duro. Na zauna ina jiran azahar.

Sai yanzu, bayan shekarun nan, hannuna ya iya riƙe biro a ajin manya da nake zuwa da yamma. Shi ya sa nake rubuta abin da na sani game da shi, kafin ni ma in fara mantawa.

Kawu ba malami ba ne. Shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta. A can ne wani malami ya jera kwalabe a bakin taga, da koren ruwa a ciki, ya ce wa kawu ya riƙa girgiza su safe da yamma. Kawu ya yi wata biyu yana girgizawa bai tambaya ba. Ranar da ya tambaya, malamin ya ɗiga ruwan a gilashi ya sa masa ido a madubin da ke ƙara girman abu. Kawu ya ce ya ga ƙwayoyi kore birjik, kamar an watsa gero a faranti. Malamin ya bayyana masa cewa gansakuka ce ƙanana, wadda ido ba ya ganin ɗaya-ɗayarta, kuma abincinta shi ne takin da ke narke a cikin ƙazamin ruwa, irin sinadarin da ke cikin buhun takin zamani. In ta samu rana sai ta cinye shi ta hayayyafa. Da aka yi wa malamin canjin wurin aiki, ya bar wa kawu kwalba guda. Daga kwalbar nan aka samu duro huɗu.

Mayankarmu tana cikin unguwa tun zamanin kakanni. Jini, da ruwan wankin tumbi da hanji, duk suna bin wata kwata su faɗa kududdufin da ke bayan gidaje. Da gari ya cika, abin ya fi ƙarfin kududdufin. Kowace bazara sai ya yi baƙi, ya yi kumfa, wari ya hana mutane cin abinci a tsakar gida. Wata shekara awaki suka sha suka mutu. Mai unguwa ya tara mu ya ce shi da duba-gari sun gama magana, za a ba mu fili a kan hanyar Zurmi, nesa da gidaje. Mu kuwa da sassafe muke yanka, kuma a shekarun nan ba mai son hantsi ya yi masa a wajen gari da shanu a hannu, balle asuba.

Kawu ya riga ya yi ritaya a lokacin. Ba mahauci ba ne, ba a kuma gayyace shi taron ba. Ya zo ne da wata kwalba a aljihun riga.

"Ranka shi daɗe, a ba ni wata shida."

"Ka yi mi da su, Malam?"

"In ba ruwan ga magani. Taki na ya yi mishi yawa. Ina da masu cinye shi."

Ya ɗaga kwalbar. Wani daga cikinmu ya ce, "Baba, wannan ai ruwan kwaɗi na." Aka yi dariya. Mai unguwa bai yi ba, domin shi ma ba ya son ya kori mutanen da ya tashi tare da su. Ya ce ya ba da wata shida, da sharaɗin da na faɗa a baya.

Ni ne ɗan ƙanwarsa, don haka ni aka ɗora wa taya shi. Na yi shekara tara ina yi. Ga yadda aikin yake. Ruwan mayanka yana fara faɗawa wani rami, inda dusar tumbi da duk abu mai nauyi ke kwantawa. Daga nan ya gangara kwami uku na siminti, masu faɗi, marasa zurfi. Kawu bai yarda zurfin ya wuce ƙwaurinsa ba, da ƙafarsa yake aunawa. Ya ce in ya yi zurfi, na ƙasa ba sa ganin rana. A cikin kwamin ake zuba iri. Safe da bayan la'asar sai a motsa da wata doguwar muciya da ya sa masassaƙi ya yi masa. Kwana biyar ko shida, ruwan da ya shigo ja-ja mai ƙarni sai ya koma kore shar, warin ya tafi.

Saura raba gansakukar da ruwan, domin in aka sake ta cikin kududdufi ta mutu a can, takin da ta ci ya koma inda ya fito. Da farko ya gwada tacewa da yadin atamfa, ta wuce. Ya gwada yashi, ya toshe. Sai wani mai kamfanin ruwan leda ya ba shi tsofaffin matatun ruwa da ya cire daga injinsa. Kowace ɗaya farin bututu ne, tsawon hannu, cikinta cike da siraran zaruruwa masu rami kamar taliya. Jikin zaren yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai, ruwa na ratsawa, gansakuka ba ta iyawa. Muna ɗora koren ruwan a tanki a kan tudu, ya sauko da nauyinsa ta cikin matata, ya fito garai. In sun fara toshewa sai mu tura ruwa ta baya, koren ya fito da kauri kamar kunu. Shi muke shanyawa ya zama taki. Dokar matatun ɗaya ce, kuma kawu ya faɗa mini ita ya fi sau ɗari: kada su bushe. In zaren ya bushe sai ya tsattsage, ya zama ba shi da amfani.

Bai taɓa rubuta komai ba. Awonsa wani farin kofin tangaran ne mai ɓalallen hannu. Sai ya ɗebo, ya fita rana, ya karkata kofin, ya sansana. In kore ne irin na ganyen gero sabon tsiro, sai ya ce, "Sun ƙoshi, suna lahiya." In ya yi ruwan ƙasa, ko dai an cika musu abinci ko wani abu ya shiga. Akwai kuma wani kore mai shuɗi-shuɗi da ke kwanciya a sama kamar fenti. Wannan in ya gan shi fuskarsa takan canza, ya sa a kwashe kwamin duka a haƙa rami a binne, ya ce shi ne mai kashe dabbobi. Shekaru ya yi yana zaɓe, yana ɗiban iri daga kwamin da ya fi kyau yana mayarwa duro, har ya samu wanda ke jure ruwan jini, kuma ba ya saurin toshe matata.

Da safe in ya buɗe ƙofar kangon yakan ce, "To, an tashi lahiya?" Inna, matarsa, takan amso daga madafa:

"Malam, masu kiwon awaki dai ana ganin nama ranar salla."

"Nawa ba su cin dusa, ba su shiga gonar kowa."

"Ba su kuma amsa gaisuwa."

Faɗansu da sarkin fawa a shekara ta uku ya faru. An ce duba-gari za su zo, sarkin fawa ya sa aka wanke daɓen mayanka da maganin kashe ƙwayoyin cuta, jarka guda, aka kora ruwan ya bi hanyar da ya saba. Washegari kwami uku duk suka koma ruwan ƙasa. Kawu ya ɗebo a kofinsa, ya ratsa tsakiyar masu sayen nama, ya dire shi a kan teburin sarkin fawa, kusa da cinyar sa.

"Ga gawar. Ka yi mata salla."

"Malam, ɗauke min ƙazanta daga kan nama!"

"Kai ka yi ta. Kwana nawa ina hwaɗa maka a tambaye ni kahin a zuba wani abu?"

"In tambaye ka? Ni da mayankar ubana? Kai mi ka taɓa yankawa in ba albasa ba?"

"Ban yanka komi ba. Amma in na tahi da durona, kai da mayankar uban naka kuna hanyar Zurmi kahin azumi."

Juma'a uku ba su gaisa ba. A ta huɗu sarkin fawa ya aika masa da hanta da ƙoda a ganye, kawu ya karɓa, ya ce a gaya masa gishiri bai zo ba. Daga nan aka haƙa rami dabam don ruwan magani, aka kuma fara tare jini a daro ana dafa wa masu kaji maimakon a sake shi. Kawu ya sake zuba iri daga duro, cikin mako biyu kwami suka farfaɗo.

Ya san iyakar abinsa. Da mutane suka ga ruwan yana fita garai, wasu suka fara ɗiba. Liman ya zo da kansa ya tambaya ko ya halatta a yi alwala da shi. Kawu ya ce, "Allah shi gafarta malam, hukunci naku na. Ni dai abin da na sani, na cire mishi taki da ƙarni. Ban ce na cire mishi komi da komi ba. A ba shuka, a wanke daɓe. Kada a sha, kada a kai baki." Ya sa ni na kafa ƙaya a bakin wurin.

Da mutanen ƙauyukan wajen Moriki suka fara kwararowa gari, wasu mata tara suka samu mafaka a wani gini da ba a gama ba, kusa da kududdufin. Ba su da gona, ba su da jari. Kawu ya karkatar da bakin bututun ya bi ta wani fili, ya yanka musu fage-fage, ya ba su busasshen koren nan su barbaɗa. Suka shuka alayyafo da yakuwa da latas, suna kaiwa bakin tasha. Babbarsu ta zo godiya ta durƙusa, ya ce ta tashi.

"Ba nawa ba na. Na shanun da anka yanka na. In za ki gode, ki gode musu."

Ganina da shi na ƙarshe, kwana biyu ne kafin in tafi Dauran. An yi wani ruwan sama mai ƙarfi, ya fasa bangon kwami, ya wanke duk abin da ke ciki. Wannan ba sabon abu ba ne, kusan kowace damina sai an yi, don haka ne ma yake ajiye iri a gida. Muka kwance matata shida muka kawo kangon, ya jiƙa su a babban daro ya rufe da buhu. Ya ce in na dawo mu gyara bango mu zuba iri. Na ce kwana goma zan yi, wa zai riƙa kawo masa ruwan mayanka na ciyar da duro? Ya ce moɗa biyu ce kowace safiya, ƙafarsa ba ta mutu ba. Zazzaɓi ya kama shi bayan tafiyata da mako guda. Kwana uku ya yi.

Da aka kira azahar, mutane suka tashi alwala. Babban ɗan kawu, wanda ke aikin ofis a Gusau, taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Ko a ranar bai fasa ba. Ya miƙo mini buta.

"Bawana, sai yanzu? Gero ya hi ubangidanka?"

"Ku da kuka iya boko ba ku iya aiko takarda ba?"

"Je ka ɗebo ruwa, ga shi can mun cika duro. Kada ka ce ba mu iya karɓar baƙi ba."

Na bi inda ya nuna. An jera duro huɗu a bakin zaure, an wanke su tas, cike da ruwan ’yan garuwa, mutane na ɗiba da moɗa. Na san su. Na uku yana da lotsawa a gefe, ni na yi masa ita da amalanke. Na leƙa ciki, ina ganin gindinsa. Har ƙamshin sabulu yake.

Na shiga kangon. An kafa murhu uku, matan maƙwabta suna tuƙa tuwon baƙi. Babban daron yana gaban ’yar kawu, tana wanke shinkafa a ciki. Na tambaye ta ina abin da ke cikin daron. Ta nuna rufin ɗakin ajiya da haɓa. Matata shida suna jere a kan kwano, rana tana dukansu tun shekaranjiya.

"Mun ga sun jiƙe, munka ce kada su ruɓe," in ji ta. "Na sa an ɗauraye su ma."

"Ruwan cikin duro fa?"

"Wanne? Koren nan? Yaya, mutane za su zo daga Gusau da Shinkafi su tarar da ruwan kwaɗi a gidan mamaci? An tuttular a kwata tun ranar. Da mi za mu tara ruwan baƙi?"

Na hau na sauko da matata guda. Na girgiza ta, na ji zaren yana ƙara a ciki kamar busasshiyar ciyawa. Na duba kwatar da aka zubar, ruwan wanke-wanke na kwana biyu ya bi ta kai.

Taubashina ya biyo ni, ya ga fuskata, ya bar wasa.

"Mi ya faru?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Ni na ce a wanke su. Wallahi na ɗauka in an zubar wani ka tsirowa. Ba gansakuka ba ta? Ko'ina akwai ta."

Ban yi masa faɗa ba. Abin da ake yi a kowane gidan rasuwa suka yi: a share, a wanke, a tara ruwa, a ciyar da baƙi. Inna kaɗai ta san dokar duro, ita kuwa tana cikin ɗaki ta shiga takaba, mata sun kewaye ta, ba wanda zai je ya tambaye ta zancen ruwa. Da na shiga gaishe ta, ita ta fara tambaya, a hankali, ko an ba su abinci. Na ce an kula da su, Inna. Sai bayan addu'ar bakwai na faɗa mata. Ta ce, "Kwana ukun da ya yi kwance, ni nike zuba musu."

Na yi alwala da ruwan duron na uku na bi jam'i.

Bayan arba'in na gyara bangon kwami. Taubashina ya sayo sababbin matata biyu daga Gusau ya aiko. Na ɗebo koren ruwa daga tafkuna har wajen Zurmi, na zuba. Na farko ya mutu cikin kwana uku, bai jure jini ba. Na biyu ya fito da zare-zare ya naɗe muciya. Na uku ya yi kyau mako guda, sai na wayi gari na ga shuɗin nan kwance a sama kamar fenti. Na kwashe na binne, kamar yadda na ga yana yi. Shekara tara ina motsawa ina ɗauka ina tura ruwa ta baya, amma zaɓen iri shi yake yi, ni ina riƙe da muciya.

Da bazara ta kama, kududdufin ya yi baƙi. Mai unguwa ya ƙara mana wata biyu don darajar marigayi, ya kuma ƙara ɗaya. Daga nan ya kira sarkin fawa, suka yi magana a zaure su biyu. Yanzu a kan hanyar Zurmi muke yanka. Ba ma fita sai rana ta ɗaga, kuma a ayari, don haka naman Kaura ba ya isa kasuwa sai wajen hantsi. Har yau ina da kwalabe a bakin tagata ina gwadawa. Akwai guda biyu da suka kai wata huɗu ba su mutu ba.

Allah ya yi wa kawu rahama, ya sanyaya makwancinsa, ya sa abin da ya yi wa unguwa ya tarar da shi a can.

Abin da muka rasa a shekarar: duro huɗu na iri, matata shida, kwami uku, fagen alayyafo na mata tara, mayankar da kakanninmu suka kafa, mahauta biyar da suka bar sana'ar don ba za su iya hanyar ba, da kawu, yana da shekara saba'in da huɗu.